Ra'ayinmu: Wa zai zauna da ƴaƴan rugga da maraice?

Jama'a makiyaya da ƴan tiren shanu, kowace shekara lakwal tana buɗewa cikin watan Oktoba, lokacin da garke bai gama sauka daga arewa ba. Yaron da ya bi iyayensa cin gishiri wajen Ingal sai ya iske ƴan ajinsu sun yi nisa. Ga shi a gida Fillanci ko Buzanci yake ji, a aji kuwa Faransanci ake yi masa. Malami guda da yara cike da ɗaki ba zai koma baya saboda shi ba. Daga nan sai maimaita aji, sai uba ya ce ya koma kiwo.

Muna da samarin da suka yi koleji suna zaune kasuwannin dabbobi suna rubuta wa dillalai lissafi. Kowanensu ya ɗauki yara uku ko huɗu bayan la'asar, ya bi musu karatu da harshen da suke ji. Ƴan tireda su sayi alli da fitila, ba su kai kuɗin ɗan akuya ba. Iyaye kuma su saki yaron awa ɗaya, ko da ranar shayarwa ce a rijiya.