Wasiƙa zuwa ga masu kemis: a ƙirga numfashi kafin a miƙa maganin tari



A unguwanni da ƙauyuka da yawa, mai kemis ne likitan farko, musamman in hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari. Uwa za ta shigo da goyo ta ce, "Malam, tari ne da mura, a ba ni na ruwa." Minti biyu an gama ciniki. A kan waɗannan mintuna biyu wasiƙar nan ke neman alfarma.

Ranar da aka haifi jariri ba a gama ginin huhunsa ba. Ƙananan jakunkunan da ke karɓar iska suna ta ƙaruwa, mafi yawa a shekaru biyu zuwa uku na farko. Ciwon da ya sauka ƙirji a wannan lokaci ya sami gini ɗanye.

A 1980, masu bincike a birnin Tucson na Amurka suka fara bin jarirai sama da 1,200 tun daga haihuwa. Waɗanda ƙwayar cutar RSV ta kama wa ƙirji kafin shekara uku sun fi sauran yin numfashi mai ƙara kamar usur, har suka kai shekara 11. A Drakenstein ta Afirka ta Kudu kuwa, tun yara na shekara ɗaya gwaji ya nuna rauni a huhun waɗanda suka yi ciwon ƙirji. Gaskiya ne wasu da ƙuntatattun hanyoyin iska aka haife su, shi ya sa ciwon ya fi kayar da su. Ai su ne ma suka fi buƙatar a gane su da wuri.

Abin da ake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Mai kemis ya sa a sauke goyon, a ɗaga riga, ya jira yaro ya yi shiru, sannan ya ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: 60 ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi nono, to ana zargin nimoniya. Kwalbar maganin tari ba ta warkar da ita. Asibiti za a tura su a ranar, ko da ciniki zai wuce.

Ya kuma tambayi katin rigakafi: allurar PCV ta sati 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata tara. Ya tambayi inda jariri ke kwana. Kaskon garwashi a rufaffen ɗakin mai jego, da hura murhun itace da goyo a baya, duk hayaƙinsu ƙirjin nan yake shiga.

In kuma wata rana aka kawo ɗan firamare mai haki a filin ƙwallo ko tarin dare, mai kemis ya tambayi uwar ko ya taɓa ciwon ƙirji yana jinjiri, ya ce ta faɗa wa likita wannan tun a zaman farko.

Wassalam.