Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kula Da Tashoshin Sola Na Garuruwa Da Kasuwanni

'Yan'uwa injiniyoyi,

Maganata a kan 'yan sa'o'i ce, daga magariba zuwa wajen goma na dare. Rana ta faɗi, farantin sola ba ya kawo komai, gari kuwa kowa ya kunna nasa: fanka, talabijin, firiji, dutsen guga, ga mai markaɗe bai tashi ba. Duk nauyin nan a kan batir yake sauka, kuma daga Maris zuwa Mayu, da zafi ya tsananta, sai abin ya ƙaru.

Da inbata ta fara yanke wuta, yawancinku sai ku ce a ƙaro batir. A ganina babu hanyar da ta fi wannan tsada, kuma mutanen gari ne za su biya. Alhali daga hantsi zuwa la'asar wuta yawa take yi, batir ya cika, ragowar ta tafi a banza. Can ya kamata aiki mai nauyi ya koma. Ku zauna da mai niƙa, da mai walda, da mai ƙanƙara, da mai ban-ruwa, ku sauƙaƙa musu farashin rana, na dare ya ɗan ɗara. Mitar zamani da kuke ɗaurawa tana iya wannan, tana kuma iya sa wa kowane gida iyaka. Abin da ke damuna, a wurare da dama karɓar kuɗi kawai ake sa ta.

Ku tuna injin lantarki in zai tashi yakan ja ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci in ya kama gudu. Biyu suka tashi tare, wutar gari ta ɗauke. Ku raba musu lokaci. Batir mai ruwa kuma kada ku bari ya riƙa sauka ƙasa da rabi, zafin ƙasarmu ma kaɗai yana rage masa kwana.

A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun yi kwanaki cikin duhu. Tun daga nan ido ya ƙara dawowa kanku, saboda haka amanar ta yi nauyi. Kada ku canza farashi ko iyaka a ɓoye. Ku fara da mai gari ko shugaban kasuwa, a tara jama'a, ku nuna musu lissafin dare da na rana, sannan ku taɓa mita.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.