Buhun rairai ba digi ba ne

Ƴan uwa matasa, mu tuna watan Satumba na 2020. Kogin Isa ya kai santimeta 700 a Yamai, alhali tun daga 620 ake shiga jan layi. Digin Lamorde ya fashe, ruwa ya malale Harobanda, ya shiga gidaje, ya kai har jami'ar Abdou Moumouni da asibitin Lamorde. Mi muka gani? Samari cikin ruwa har ƙirji suna jera buhunan rairai, manya sun zo da shinkafa da tabarmi da masu ɗaukar hoto. Da ruwa ya janye, magana ta janye tare da shi.

Sai a ce muna ƙaddara ce. Mun yarda ruwa na Allah ne. Amma digi aikin mutum ne, kuma kuɗin talakka ne aka zuba cikinshi.

Ku san yadda digin ƙasa yake mutuwa. Ba kullum ruwa ke tsallake shi ta sama ba. Sau da yawa ta ƙarƙashi yake bi, yana tsattsafowa, yana kwashe rairai kaɗan kaɗan har ya yi rami kamar na gafiya. Daga waje ka ga digi tsaye lafiya lau, cikinshi kuwa ya rube. Dare ɗaya sai ya zauna. To, in ka ƙara jibga ƙasa bisa kanshi, ciwon da ke gindi ka warkar?

Maganin wanga ciwo ba sabo ba ne. Fiye da shekara 100 ke nan ana amfani da dogayen allunan ƙarfe masu lanƙwasa, kowane da bakin da ke sarƙewa da na ɗan uwanshi. Inji ke girgiza su yana nutsa su cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har su zama bango guda. Bangon nan yana tare hanyar da ruwa ke bi ta ƙarƙashi, yana riƙe gaɓar kogi kar ta zabtare, kuma ba ya cin fili kamar tulin ƙasa. Da shi ake gina bakin tashoshin jiragen ruwa da gaɓar koguna a birane da dama na duniya.

Za su ce da tsada. Gaskiya ne, ƙarfen daga waje za a sayo shi, mu kuma ba mu da teku. Kuma inda akwai dutse a ƙasa ba ya shiga da sauƙi. Shi ya sa ba mu ce a jera shi tun daga Tillaberi har Gaya ba. Mun ce a auna ƙasa, a gano wuraren da suka fi rauni, inda asibiti da makarantu da dubban gidaje ke bayan digi, a fara da nan. Wanda ke kukan tsada ya lissafa muna kuɗin gidajen da suka rushe, da gonakin shinkafar da ruwa ya cinye, da lokacin da yara suka yi ba karatu don ƴan gudun ruwa na kwana cikin azuzuwansu.

Ƴan Maradi, kar ku ce zancen Yamai ne. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tada tsohon gari zuwa tudu, kuma har yau ƙoramu na cin bakin unguwanni a garuruwanmu duk damana.

Mu ma da namu laifin. Mai gini cikin hanyar ruwa da mai ɗibar rairai a gindin digi, kansu suke haƙa wa rami, tare da maƙwabta.

Abin da muke nema a fili yake: a fito da sakamakon binciken ƙasa na kowane digi, a faɗi wanda aka bai wa kwangila da nawa, da wanda ya duba aikin ya sa hannu. A yi gyara da rani, ba sai hadari ya haɗu ba. Ku je ku duba digin unguwarku tun yanzu, ku ɗauki hoton duk tsagewar da kuka gani, ku kai wa magajin gari a rubuce, ku riƙe kwafi.