Masu Zambon Fada Sun Yi Yawa, Ina Masu Zambon Talaka?

Ina koyar da adabin Ingilishi a wata sakandare a yankinmu na Kiru, kuma yarana ba sa shan wahalar gane John Dryden. Da na ce musu makaɗin fada ne, shi ke nan. A 1660 aka mayar da Charles na Biyu gadon sarautar Ingila, bayan an sare kan mahaifinsa a 1649, a 1668 kuma ya naɗa Dryden mawaƙin fadarsa. Da rigima ta tashi kan wanda zai gaji sarki, sai Dryden ya fitar da Absalom and Achitophel a 1681, ya yi wa Shaftesbury, jagoran masu adawa, kaca-kaca. Duk wanda ya saurari Narambaɗa ko Sarkin Taushin Katsina ya san wannan aiki: a wasa ubangida, a yi wa mai hangen gadonsa zambo.

Ban raina Dryden ba, gwani ne na gaske. Amma ƙarfinsa na ubangidansa ne. Da mulki ya juya a 1688 ya rasa muƙaminsa, aka ba Thomas Shadwell, mutumin da shi Dryden ya taɓa mayarwa abin dariya a Mac Flecknoe.

Wanda na fi so ɗalibaina su riƙe shi ne Jonathan Swift, limamin coci a Dublin. Ingila ta ba wani William Wood izinin buga wa mutanen Ailan kwabban jan ƙarfe, mutane suka ji tsoron za a cika musu kasuwa da kuɗin banza. A 1724 Swift ya riƙa rubuta wasiƙu da sunan wani mai sayar da yadi, cikin harshen da ɗan kasuwa zai gane. Hukuma ta sa ladan fam 300 ga wanda ya tona marubucin. Gari ya san ko wane ne, amma ba wanda ya buɗe baki, kuma a 1725 aka janye izinin. A 1729 ya rubuta A Modest Proposal, inda ya ari muryar wani masanin lissafi mai sanyin magana yana ba da shawarar talakawa su sayar wa masu kuɗi jariransu su ci. Kullum na karanta wannan a aji sai yara su yi tsit, can sai wani ya ce, "Malam, ai da ma cinye su ake yi." Abin da Swift yake so a gane ke nan, kuma bai ambaci sunan mai kuɗi ko ɗaya ba.

To mu fa? Lokacin zaɓe ka tsaya a Kwanar Dangora ka ji abin da lasifikokin motocin kamfe ke fitarwa. Hancin wane, tumbin wane, asalin wane. An biya mawaƙi, ya yi aikin da aka sa shi. Amma wa ya yi wa wanda ya karkatar da takin manoman masarar Doguwa zambo? Wa ya yi wa ɗan kwangilar da ya bar yara suna karatu a ƙasa? Mai noman rani a ƙasan Tiga da direban da ke ratsa dajin Falgore da addu'a a bakinsa, su wa ke magana da yawunsu?

Ba baƙon abu nake nema ba. Sa'adu Zungur ya yi, Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi a zamanin NEPU, Bala Abdullahi Funtuwa ya kawo mana Gandun Dabbobi a 1975. Ko tashen azumi, ai da dariya yara ke gaya wa marowaci da malalaci halinsu.

Kuɗi na cikin abin da ya kashe wannan al'ada, tsoro ma haka. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok kan gwamnan lokacin. Na yarda ƙazafi haramun ne, kuma mai yin sa ba shi da mafaka a bayan sunan adabi. Sai dai yaron da ya ga an yi wannan bulala ba zai tsaya bambance ƙazafi da zambo ba, shiru zai yi gaba ɗaya. Ingila ta bi wannan hanya: a 1737 Firayim Minista Walpole ya gaji da wasannin Henry Fielding, ya kawo dokar tace wasan kwaikwayo, kuma ba a kawar da tacewar ba sai 1968.

Roƙona ga 'yan'uwana malaman adabi daga Bebeji har Doguwa shi ne mu daina ba yara Swift don haddar jarrabawa kawai. A karanta shi, sannan a ce kowane yaro ya rubuta shafi guda da Hausa kan wata cuta da ake yi wa garinsu, ba suna, ba zagi, ba ƙarya. A karanta mafi kyau a gaban iyaye ranar ba da kyaututtuka, a gayyaci kansila da dagaci su zauna a layin gaba.