Kada Mu Yarda A Yanke Wayar Mota

'Yan uwa, da yawanmu muna sayen mota sai mu garzaya wajen mai wayarin, a cire rediyon kamfani a sa mai allo. Ba laifi, amma a yawancin motocin yau rediyon a haɗe yake da kwamfutar motar da maɓallan sitiyari da kyamarar ribas. In aka yanke waya da filaya, maɓallan da kyamarar suna iya mutuwa. In kuma aka haɗa jar waya kai tsaye da batir, rediyo zai kwana yana shan wuta, da safe mota ta ƙi tashi.

Mu sayi soket ɗin da aka yi wa irin motarmu. Wanda ya ce sai ya yanka, mu ɗauke motarmu. Kada garin neman gira mu rasa ido.