Tsaron kwamfuta: Banza ba ta kai zomo kasuwa

A yau da wuya matashi ya sayi laftof ta gwanjo a Haɗeja mai shagon lodi bai ce masa, "Kawo a sa maka anti-bairos na kyauta" ba. Shi kuwa bawan Allah sai ya koma gida da murna, yana ganin ya yi wa kayansa katanga. Tambaya a nan ita ce, shin dama kwamfutar ba ta zo da mai gadinta ba ne?

Ta zo da shi. Tun daga Windows 8 a 2012 kamfanin Microsoft ya dasa Defender a cikin kwamfuta a matsayin cikakken mai yaƙi da bairos, haka kuma yake a Windows 10 da 11. Cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Jamus ta sha ba shi cikakken maki. Abin da matasa da dama ba su sani ba shi ne, da zarar an sa wani anti-bairos, Defender yakan ja da baya ya bar wa baƙon aiki. Ke nan ba ƙarin mai gadi aka yi ba, musanya aka yi.

Ba wai na kyautar ba sa kama bairos ba ne, suna kamawa. Amma wa ke biyan ma'aikatansu? A 2020 asiri ya tonu cewa kamfanin Avast yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, ala tilas ya rufe reshen. A 2024 hukumar FTC ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Mai gadin da aka ɗauka ya tsare gida, ashe shi ke kai labarin gidan kasuwa!

Sai dai babbar musibar ba ta nan take ba. Saboda tsadar data da rashin wuta, matasa da yawa suna kashe sabuntawar da Windows ke yi wa kanta. Wannan shi ne ganganci. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Haɗeja da Auyo da Kirikasamma ya san cewa jingar da ba a toshe ɓarakarta ba, sunanta kawai jinga. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali kuwa tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma halinmu na gida. Filash ɗaya zai zaga shagon buga takardu, ya je wurin masu tura fina-finai, ya dawo kwamfutar ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, aikin shekara guda ya koma wasu gumaka marasa buɗuwa. Wasu kuma da hannunsu suke kashe Defender don su sa manhajar sata. Wane anti-bairos ne zai ceci wanda ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da kansa?

Don haka matashi ya bar Defender a kunne, ya ware 'yar data ko da sau ɗaya a mako ya sabunta, ya binciki kowane filash kafin ya buɗe shi, sannan ya ajiye kwafin takardunsa a wani wuri dabam. Mai Windows 7 ya sani an daina ba ta gyara tun 14 ga Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Irin waɗannan ba anti-bairos suke buƙata ba, canji suke buƙata.

Hotunan iyali da takardun jama'a da ke cikin kwamfutar mutum amana ce a wuyansa. Allah Ya ba da ikon riƙe ta.