Talabijin ta san zafin Kuala Lumpur, amma ba ta san na ɗakinka ba

Duk wanda ya zo Malesiya daga Kano ko Sakkwato yakan raina zafin ƙasar nan da farko. Ya duba waya ya ga digiri 32, ya ce ai mu da muka saba da arba'in da ɗoriya a watan Afrilu, wannan wasa ne. Bayan sati guda sai ka same shi yana cigiyar ɗaki mai na'urar sanyi. Dalili shi ne, lambar da ke kan waya ko talabijin ta gari ce baki ɗaya, daga tashar auna yanayi ake samo ta. Ba ta san a wane ɗaki kake kwana ba.

A nan Kampung Baru inda nake haya, bambancin a fili yake. Unguwar tsohuwa ce, tun wajen 1900 Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa Malayawa ita don noma, kuma har yau akwai gidajen katako da aka ɗora kan dirkoki, iska na ratsawa ta ƙasa da ta tagogi. A bayan wasunsu kuma an yi ɗakunan bulo da rufin kwano, irin waɗanda ɗalibai da baƙi ke kamawa, masu riƙe zafin rana har tsakar dare. Ka tsallaka gadar Saloma Link, wadda aka buɗe a 2020, ka faɗa cikin benayen gilashi na wajen tagwayen hasumiyar Petronas. Dukkansu digiri 32 ɗin nan ake nuna musu.

Shi ya sa na ɗora ma'aunin zafi a kan manhajar Kodi da muke kallon finafinai da ita. Wanda bai san ta ba, manhaja ce ta kyauta da ke tattara finafinai, waƙoƙi da tashoshi wuri guda. A da sunanta XBMC, a 2014 aka sauya mata suna. Tana da shafin yanayi, amma daga intanet take jawo shi, wato dai na waje. Abin da na ƙara shi ne wani ɗan ma'auni mai suna TEMPer, na kamfanin PCsensor, mai kama da filashi, ana soka shi a kafar USB. Ana samun sa a Shopee da Lazada, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Kodi ba ta san wannan na'ura da kanta ba, sai an yi mata ɗan aike. Ɗan aiken nan gajeren rubutu ne a harshen Python, wanda zai tashi tare da Kodi, ya riƙa tambayar ma'aunin duk minti ɗaya, ya ajiye amsar a wani gurbi na shafin farko. Sannan ka buɗe fayil ɗin fuskar manhajar, wadda ake kira Estuary, ka ƙara layi guda da zai nuna lambar kusa da agogo. Ka kwafi fuskar ka ba ta sabon suna kafin ka taɓa ta, domin ranar da aka sabunta Kodi gyaranka zai iya gogewa. A kan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta mai Linux akwai rubutun temper-python da wasu suka riga suka yi, sai dai ka ba na'urar izinin karantuwa. Masu akwatin Android, gara su haƙura, wahalar ta fi ribar. Kuma a sani, samfura da yawa ne ke amsa sunan TEMPer alhali cikinsu ya bambanta, don haka rubutun da ya yi wa maƙwabcinka aiki yana iya ƙin naka.

Babban abin lura shi ne wurin ajiyewa. In ka soka ma'aunin kai tsaye a jikin kwamfuta, zafin kwamfutar zai riƙa faɗa maka, ya ƙara digiri da yawa a kan gaskiya. Ka sayi doguwar wayar USB, mita ɗaya ko biyu, ka janye shi daga bayan talabijin, daga taga, daga bakin iskar na'urar sanyi. Ka rataye shi daidai tsayin da mutane ke zama ko kwanciya. Bayan haka ka gwada shi da wani ma'aunin da ka yarda da shi, domin masu arahar nan sukan kauce da digiri ɗaya ko biyu, sai ka rage ko ka ƙara a cikin rubutun.

Wani zai ce, duk wannan ɗawainiya don me, ba ga ma'aunin bango ba? Gaskiya ne, yana aiki. Amma na bango ba mai kallon sa, talabijin kuwa ita kowa ke fuskanta da daddare, kuma a lokacin ne ake gardamar a kunna sanyi ko fanka ta wadatar. Lambar da ke kan rimot buri ce, ba ita ce zafin ɗakin ba. Mutum ya danna 16 yana jin zai fi saurin sanyi, alhali sai dai injin ya yi ta aiki ba hutawa, wata ya ƙare takardar kuɗin wuta ta TNB ta iso. Gwamnatin Malesiya kanta tun 2011 ta ce kada ofisoshinta su sauka ƙasa da digiri 24. A gidana mun tsaya a 26 tare da fanka, kuma tun da lambar ta bayyana a allo maganar ta mutu.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Duba kwalayen magungunan da ke gidanka, da yawa an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Mai ciwon suga da ya buɗe allurar insulin yana ajiye ta a ɗaki ya kamata ya san ko ɗakin na haura 30 da rana, lokacin da kowa ya fita an kulle tagogi. Haka mai jego da jariri. In ka sa ɗan aiken ya riƙa rubuta lambobin a fayil, za ka ga abin da ɗakin ke yi a bayan idonka.

In da ni ne mai saye yau, TEMPerHUM zan ɗauka, wanda ke auna laimar iska tare da zafi, don nan ne sirrin zafin Malesiya yake. A Kano randa na sanyaya ruwa saboda iska busasshiya ce, tana shanye danshin jikin randar. Gumin mutum ma haka yake aiki. A nan kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumi ba ya bushewa, digiri 29 sai ya hana ka barci. Ranar da allo ya nuna zafi da sauƙi amma laima ta kai kashi 80, ba ƙarin sanyi kake buƙata ba. Ka nemi alamar ɗigon ruwa a kan rimot ka danna, na'urar ta tsotse danshin, ka bar fanka ta ƙarasa sauran.